Baba Alhaji ya rubuta salsalar gidanmu, babu mace ko ɗaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ƴar Tawa ce, ina aiki a Yamai. Danginmu za su yi taron zumunci bayan babbar salla, kuma ƙanen mahaifina, Baba Alhaji, ya rubuta salsalar gidanmu har kakanni bakwai, za a buga a raba. Na duba, babu sunan mace ko ɗaya. Alhali tun muna yara ake ba mu labarin Goggo, ƙanwar kakana, wai ita ce ɗiya mace ta farko da ta shiga lakwal a garinmu, ta zama ungozoma. Da kuma Iya, mahaifiyar kakana, wadda aka ce ta je Makka a ƙafa. Da na yi magana sai Baba ya ce ɗiya mace ta gidan wani ce, ba a jan salsala da ita. Wadda ta rage da ta san su ido da ido ita ce kakata ta wajen uba, ta haura shekara 80. Ina so in sa su cikin tarihin gida ba tare da na ɓata da Baba ba, kuma ban san ta inda zan fara ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƴar'uwa. Matsala biyu kika kawo a ƙunshi ɗaya, kuma wadda ta fi tsaya miki a rai ba ita ce mai gaggawa ba. Takardar Baba Alhaji ko an buga ta bana, ana iya sake buga wata baɗi. Kakarki kuwa ta haura 80. Saboda haka kafin ki sake tayar da maganar salsala da kowa, ki nemi hutun kwana huɗu ko biyar, ki hau mota zuwa Tawa, ki zauna da ita.

Idan kin isa, kada ki ce mata kin zo ɗaukar tarihi. Tsofaffin mata da sun ji haka sai su ce, "Ni me na sani? Je ki tambayi maza." A ganinsu tarihi shi ne sarauta da yaƙi. Ki ce hira kika zo, kina son jin yadda aka kawo ta gidan tana amarya da waɗanda ta tarar a ciki. Ki zaɓi hantsi bayan ta karya, ko bayan la'asar, a ɗakinta, kuma babu namiji a wurin ko da ɗanta ne, don akwai maganar da tsohuwa ba ta yi a gaban ɗan da ta haifa. In akwai sa'arta da ta rage a unguwa, ƙawa ko kishiya ko ƙanwa, ki gayyato ta a zama na biyu. Tsofaffi biyu suna tuna wa juna, suna gyara wa juna, kuma a cikin gardamarsu ne sunaye suke faɗowa.

Ki nemi izininta kafin ki kunna waya, ki gaya mata jikoki ne za su ji. Ki sa wayar a yanayin jirgi don kada kira ya katse ɗauka, ki ɗora ta a kan matashi kamu ɗaya daga bakinta. In kika ajiye ta a kan tabarma, kowane motsi zai shiga ya danne muryar. A kashe fanka da rediyo. Farkon kowane zama ki faɗi kwanan wata da gari da sunan mai magana da bakinki. Minti 30 zuwa 40 ya isa. Bayan haka ta gaji, sai ta fara amsa miki da "haka ne" don ki ƙyale ta, kuma wannan "haka ne" ɗin shi ke cika littafin dangi da abin da bai faru ba. Murya ba ta cin wuri, wajen mega ɗaya ne a minti, don haka a daren ranar ki tura wa mutum biyu amintattu, ki kuma kwafa a katin ajiya wanda ba ya zama cikin wayar. Wayoyi na faɗawa randa, ana kuma sace su a tasha.

Cikas na farko da za ki ci karo da shi shi ne suna. Iya surukar kakarki ce, uwar mijinta, ba za ta kama sunanta ba ko yau, ko da Iya ta yi shekara 40 a ƙasa. Kada ki matsa mata. Ki tambaye ta, "Wa aka mayar wa sunan Iya?" A kowane gida akwai wata da ake kira Iya ko Inna ko Uwa ko Hajiya tun tana cikin tsumma, sunan yankanta shi ne sunan da kike nema, kuma ita ko mahaifiyarta za su gaya miki. Goggo ma ta yiwu sunan da kuka san ta da shi na rana ne, Lami ko Talatu ko Ladi, ko na wata, kamar Azumi, alhali a takarda wani suna ne dabam. Kowace mace sai ki nemo mata abu huɗu: sunan yanka, laƙabin da aka san ta da shi, sunan mahaifinta da garinsa, da sunan miji ko mazan da ta aura bi da bi. In kika rasa ɗaya, mace guda za ta fito miki mutum biyu a littafi, ko mata biyu su haɗe su zama ɗaya, musamman a gidan da Hadiza uku suke, ɗaya Dije, ɗaya Hadi, ɗaya kuma kowa ya manta Hadiza ce. Ki tambayi wa ya haifa da wa ya riƙa dabam-dabam. "Uwata" a bakin tsohuwa tana iya zama wadda ta haife ta, ko wadda aka ba riƙonta bayan yaye, ko wadda ta shayar da ita.

Kada ki sa mata amsa a baki. In kika ce, "Kaka, ai Goggo ce ta fara shiga lakwal ko?" za ta ce e, kin tashi da abin da kika zo da shi. Ki bi ta gefe. Wa ya kai Goggo lakwal, uban ne ya so ko dogarin sarki ne ya zo ya ɗauke ta? A zamanin Faransawa sau da yawa tilas ce, ana ɗora wa sarakuna adadin yaran da za su kawo, iyaye kuwa suna ɓoye ɗiyansu. Da wa take tafiya? Akwai wasu ƴan mata a ajinsu? A gidan wa ta zauna da ta bar gari? Wa ya karɓi haihuwar ɗanta, wato mahaifinki?

Maganar ungozoma tana bukatar natsuwa, don dangi kan haɗa mata iri uku a suna ɗaya. Akwai ungozomar gargajiya da ta gaji aikin. Akwai wadda likita ya horar na ƴan makonni aka ba ta ƙaramin akwati mai almakashi da zare da maganin ɗiga wa jariri a ido. Akwai kuma mai takardar shaida wadda gwamnati ke biya. Makarantar likitanci ta Dakar da aka buɗe a 1918 tana horar da ungozomomi daga dukkan ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulki, kamar yadda makarantar Rufisk, kusa da Dakar, ta 1938 take horar da mata malaman makaranta. In Goggo ta je can, kakarki ba za ta manta ba, don tafiya ce da gari duka ya sani. Tambayoyin da ke rarrabewa masu sauƙi ne: farar riga take sawa ko zanenta? Albashi take karɓa ƙarshen wata, ko hatsi da sabulu da cinyar ragon suna ake kai mata? An taɓa yi mata canjin wurin aiki zuwa Ƙonni ko Madawa ko Buza? Kowanne daga cikin ukun abin rubutawa ne. A dai rubuta wanda ya faru.

Hajjin Iya kuwa, ki tambayi hanya. Masu tafiya a ƙafa daga ƙasar Hausa yawanci suna bi ta Kano da Maiduguri, su ratsa Cadi ta Fort Lami, wato Njamena ta yau, da Abeshe, su shiga Sudan, su kai bakin Bahar Maliya a Suwakin ko Port Sudan, sannan jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar kan ci shekaru, don ana tsayawa a yi aikin auduga ko ƙodago a tara guzuri, wasu ma suka zauna can ke nan, kamar mutanen garin Mai Wurno da ke Sudan. In kakarki ta ambaci ko da gari biyu daga cikin waɗannan ba tare da kin faɗa mata ba, labarin yana da tushe. Ki tambayi da wa Iya ta tafi, wa ya rasu a hanya, ko ta haihu a can, da abin da ta dawo da shi. Wani lokaci za ki iske "a ƙafa" ɗin rabin hanya ne, sauran a babbar mota aka yi. Wannan bai rage mata komai ba.

Shekara ba a tambayar tsohuwa da lamba. A tambaye ta da abin da ya faru, ke kuma ki riƙe lambobin a takardarki: yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, yaƙin Kawsan a Agadas, 1916 zuwa 1917, mayar da mazaunin gwamna daga Damagaram zuwa Yamai a 1926, yaƙin Hitila, 1939 zuwa 1945, soke aikin tilas a 1946, ƙuri'ar e ko a'a ta Satumban 1958 zamanin Sawaba, ƴancin kai a 1960, juyin mulkin Kunce a Afrilun 1974, yunwar El Buhari ta 1984. Sai ki ce, "Da Kunce ya karɓi mulki Iya tana da rai?" ko "Ranar ƴancin kai wa kike goye da shi?" Goyo shi ne mizanin da ya fi daidai a bakin mace, don tsakanin ɗa da ɗa a da shekara biyu ne zuwa uku. In kin san shekarar haihuwar mutum ɗaya a jerin ƴaƴanta, sauran za su fito da ƙidaya. Amma ki rubuta "tsakanin 1948 da 1951", kada ki zaɓi ɗaya don ta fi kyau a takarda. Kuma kada ki dogara da tsohuwar takardar haihuwa ido rufe: wadda aka rubuta "née vers" a kanta, wato an haife ta wajajen shekara kaza, ƙiyasi ne alƙali ko magatakarda ya yi, kuma an sha rage wa yaro shekara biyu ko uku don ya samu shiga lakwal.

Daga baki sai akwati. Ki roƙi kakarki ta buɗe miki tsohon akwatin ƙarfe, ki kuma je wurin ƴaƴan Goggo in ta bar baya. Abin nema: katin ɗan ƙasa, takardar iyali ta biyan lanho, takardar gama firamare, takardar ɗauka aiki ko ta fansho, wasiƙun ajami, da hotuna. Ki juya kowane hoto, don masu ɗaukar hoto na da sukan buga hatiminsu a baya da sunan gari, wani lokaci har da shekara. Kada ki tafi da komai. Da kin sa takarda ɗaya a jakarki an fara cewa kin zo kwashe kayan gado, ƙofar kuma ta rufe. Ki ɗauki hotonsu a inuwa da rana, ba da walƙiyar waya ba, gaba da baya, ki mayar. In za ki tura ta WhatsApp ki tura a matsayin takarda, in ba haka ba zai matse hoton har ƙananan rubutu su ɓace. Kada a manne tsohuwar takarda da roba mai zafi, kada a yi rubutu da biro a bayan hoto. Fensir ya isa. Ki nuna wa kakarki hotunan ɗaya-ɗaya wayar tana ɗauka, ki ce ta faɗi mutanen daga dama zuwa hagu.

Iya da wuya ki same ta a wani ofis. Goggo ce mai yiwuwa. Tsofaffin makarantu suna da babban littafin rajista mai lambar kowane ɗalibi da sunan uba da shekarar shiga. Ki je wurin darakta da ladabi ki tambaya ko nasu ya tsira daga gara da ruwan damina. In ma'aikaciyar gwamnati ce, ɗauka aiki da canjin wuri da ritaya suna barin sawu a jaridar hukuma da ma'aikatar kula da ma'aikata, kuma gidan adana takardun tarihi na ƙasa yana nan Yamai kusa da ke. Abin da ya shafi makarantun Dakar da Rufisk kafin 1960 yawancinsa yana Dakar. Cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdu Mumuni mai binciken tarihi da al'adu, da CELHTO, cibiyar tattara tarihin baka, duk a Yamai, suna ajiye rubuce-rubucen ajami da muryoyin tsofaffi. Ba lallai ki ji sunan gidanku ba, amma za ki samu yanayin garin a zamanin. Duk inda za ki nema, ki nema da rubutun Faransanci iri-iri, don A'ishatu ɗaya tana fitowa Aïchatou ko Aïssa ko Aïssata, Hauwa kuma Haoua. Bayan aure ma sunanta na iya ɓuya bayan na miji, a rubuta madam wane. Masu nema da yawa sun koma gida hannu rabbana saboda sun nemi mace da sunan ubanta alhali takarda ta ajiye ta da na mijinta.

Sai kalmar "ta farko". Muna ba ki shawara kada ki buga ta sai kin ga rajista. Wadda ta zama ta farko a ƙasa, kamar Madam Mumuni A'isata da ta fara shiga gwamnatin Nijar a 1987, takarda ce ta tabbatar da ita. A gari kuwa gidaje uku na iya da'awar abu ɗaya, kuma ranar da littafinku ya faɗa hannun maƙwabta za a ƙaryata ku, daga nan a yi shakkar sauran abin da kuka rubuta. "Tana cikin ƴan matan farko da suka shiga lakwal a garin" magana ce da ba mai iya tunkuɗewa. A gefen kowane bayani ki sa ƙaramar alama: wannan daga takarda, wannan daga bakin wadda ta gani, wannan ji ne aka ji. Kuma kada lakwal da Makka su rufe miki ido. Ki tambayi wadda ta riƙe gida shekara goma miji yana ci-rani a Abijan, da malamar da ta karantar da matan unguwa a tsakar gidanta, da dillaliyar da ta aurar da ƙannenta, da waɗanda suka ɗauki duwatsu a ka a aikin farfaɗo da ƙasa na Keita daga 1984. Irin waɗannan ba wanda zai ambace su sai an tambaya.

Ki kuma shirya jin abin da ba ki nema ba. Wani lokaci ba mantuwa ce ta fitar da mace daga salsala ba, ɓoyewa ce: auren da ya mutu da rigima, zaman kanta da ta yi a bariki, bori, ko asalin bauta. A yankin Ƙonni da Illela da Madawa maganar wahaya, wato macen da ake saya a ajiye kamar baiwa bayan matan aure huɗu, ba tsohon labari ba ce; sai a 2003 doka ta mayar da bauta laifi a Nijar, kuma a 2008 ne kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta yanke hukunci a shari'ar Hadijatu Mani, wadda aka sayar a matsayin wahaya. Irin wannan bayani in ya fita yana iya fasa baikon yarinyar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. In kakarki ta ce, "Kashe wayar," ki kashe. In ta gaya miki abu a asirce, ya tsaya a littafinki na hannu, ba ya shiga na bugawa, ba ya shiga zauren WhatsApp na dangi. Sunan matar da na ƴaƴanta dai a rubuta, don wannan haƙƙinta ne. Sauran sai zuriyarta ta kusa sun yarda.

Yanzu Baba Alhaji. A wani ɓangare yana da gaskiya, kuma ki fara da faɗa masa haka: ana kiran mutum da sunan ubansa, Alƙur'ani ma ya ce haka a Suratul Ahzab. Kada ki taɓa jerinsa, kada ki ce a gyara. Abin da za ki roƙa ƙari ne: shafukan iyaye mata a bayan nasa. Hujjarki kuma ta fito daga inda yake girmamawa. Rabon gado a Suratun Nisa'i ba ya yiwuwa sai an san uwa da mata da ɗiya. Sanin wanda ya halatta a aura ba ya yiwuwa sai an san wa ta haifi wa da wa ta shayar da wa. Kowane almajiri ya san Amina mahaifiyar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da Halimatu da ta shayar da shi, kuma sharifai ta wajen Nana Faɗima suke jan nasabarsu. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta cikin jihar Tawa ta yau, an san mahaifiyarsa Hauwa, an san ɗiyarsa Nana Asma'u da jajinta masu karantar da mata. Amma kada ki jero masa waɗannan kamar mai wa'azi, kuma ba a gaban mutane ba. Ki bi ta hannun mahaifinki ko wata goggo da yake jin nauyinta, ku same shi shi kaɗai. Ki tafi da wayar, ki kunna masa minti uku na muryar mahaifiyarsa tana ba da labarin kakarsa Iya. Sannan ki ce, "Baba, akwai wuraren da ban gane ba, sai kai." Ki bar shi ya gyara miki suna ɗaya ko biyu, ki kuma sa sunansa a matsayin wanda ya duba.

Tsarin shafukan kada ya yi nauyi. Kowace mace rabin shafi: sunayenta huɗu, garin da aka haife ta da inda aka binne ta, ƴaƴanta da waɗanda ta riƙa, sana'arta, layi biyar ko shida na abin da ta yi, kirarinta in maroƙan gidan sun riƙe shi, da sunan wanda ya ba da bayanin. Ki fara da mata goma zuwa goma sha biyu da kika tabbatar, kada ki ce sai kin kai kakanni bakwai kamar na maza. Ta wajen mata samun huɗu ma babban aiki ne. Ki haɗa kowane ɗaki. In kika rubuta ɗakin kakarki kika bar na kishiyarta, taron zumuncin zai watse kafin a ci abinci. Ki bar shafi biyu fari a ƙarshe, don a wurin taron wata za ta ce an manta da uwarta, sai ki miƙa mata biro.

In duk da haka Baba ya ce a'a, kada ki kai maganar gaban taro. Ki bar salsalarsa ta fita yadda ya so, ke kuma ki buga naki dabam da kuɗinki, kwafi 20 ko 30, ki raba a zaman mata bayan an watse, ki aika masa da nasa kwafin ta hannun mahaifinki.